Keke a gareji: yadda nake tafiyar da atisayen sanyin bana a Leeds

Lahadi, 27 Oktoba 2024

Yau aka mayar da agogo baya da awa ɗaya a nan Ingila, kafin biyar na yamma ma rana ta faɗi. Daga yanzu har cikin Fabrairu duk mai tashi daga aiki ƙarfe biyar cikin duhu zai dawo gida, kenan hawan keke bayan aiki ya ƙare sai dai mutum ya ɗaura fitila ya shiga titin da ya jiƙe yana santsi, ni kuma gaskiya ba na so, ina da iyali. Dan haka yau na shigar da keken gareji, na cire tayar baya na ɗaura shi a kan tirena, Wahoo Kickr Core ce na saya na hannu. Wanda bai san ta ba, wata na'ura ce mai nauyi da ake ɗora sarkar keke a kanta a madadin taya, tana auna ƙarfin da ƙafarka ke bayarwa da wat, kuma ita ke ƙara ma feda nauyi ko ta rage yadda manhaja ta umarce ta. Manhajar da nake amfani da ita Zwift ce, wadda ke nuna ka a allo kana tuƙa keke a titi tare da wasu mutane ta intanet, fam 17.99 a wata, akwai kuma MyWhoosh ta mutanen Abu Dhabi wadda kyauta ce in mutum ba ya son biya.

Abun da nake so in cimma ɗaya ne. In Allah ya kai mu Afrilu ina so in hau Buttertubs, wani hawa ne a cikin tsaunukan Yorkshire tsakanin garin Hawes da ƙauyen Thwaite, ƙololuwarsa mita 526. Ta nan gasar tseren keke ta Tour de France ta bi ran 5 ga Yulin 2014 da aka fara ta daga nan Leeds, kilomita 4.5 ne hawan ta ɓangaren Hawes. Ina so in hau shi ba tare da na sauke ƙafa ƙasa ba. Zan riƙa rubuta yadda ake ciki a nan, ko wani ɗan uwa da ke ƙasar sanyi zai amfana.

Asabar, 2 Nuwamba

Na yi gwajin FTP. Ma'anarsa ƙarfin da mutum zai iya riƙewa na kusan awa guda bai karye ba, amma ba awa ake yi ba a gwajin, kana ɗumama jiki sai ka taka iya ƙarfinka na minti 20, abun da ya fito sai a ɗauki kashi 95 cikin ɗari. Nawa ya fito wat 196, nauyina kilo 84. Duk atisayen da zai biyo baya a kan wannan lambar ake lissafa shi, shi ya sa dole a fara da shi duk da wahalarsa, minti biyar ɗin ƙarshe wallahi ɗanɗanon jini nake ji a maƙogwaro.

Lahadi, 10 Nuwamba

Maganar zafi nake so in yi yau dan ita ce ta fi ba ni mamaki. Garejin nan sanyi ne da shi, digiri 6 ko 7 da safe, sai ka shiga da rigar sanyi kana hura hannu, amma minti goma da fara takawa zufa ta fara ɗiga daga haɓa. Dalili shi ne jikin ɗan Adam kusan kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari kawai na ƙarfin da yake ƙonawa ke tafiya feda, sauran duk zafi yake zama, kenan in kana taka wat 200 jikinka na fitar da zafin da ya kai wat 600 ko fiye, hita ce ƙarama kenan. A titi iskar da kake ketawa ita ke kwashe wannan zafin ba ka ma lura, a gareji kuwa iska a tsaye take, zafin sai ya lulluɓe ka, bugun zuciya ya yi ta hawa alhali ƙarfin da kake takawa bai ƙaru ba, ka ga kamar ƙafa ce ta gaza alhali jiki ne ke neman sanyi. Na sayi fanka babba irin ta ƙasa mai rimot, na ajiye ta gaban tayar gaba tana kallon ƙirji. Rimot ɗin na da amfani sosai, dan in ka kunna ta tun farko a wannan sanyin mura za ka kwasa, sai jiki ya ɗau zafi tukuna. Bambancin da na gani a atisaye iri ɗaya, bugun zuciya ya sauka da kusan takwas a minti. Duk mai shirin sayen tirena ya ware kuɗin fanka tun farko, ina ganin ta fi duk wani tarkacen da ake tallatawa muhimmanci.

Sai kuma zufar kanta. Gishiri ne a cikinta kuma kai tsaye kan kan keken take zuba, in ta bushe za ka ga fari-fari a jikin kusoshi kamar kanwa, ita ke cin ƙarfe ta sa tsatsa har ta shiga ƙarƙashin tef ɗin da aka naɗe wurin riƙewa. Tawul ɗaya a kan keke ɗaya a wuya, in na gama in goge da tsumma mai ɗan danshi.

Asabar, 23 Nuwamba

Guguwar Bert ta shigo, da safe dusar ƙanƙara daga baya ruwa da iska. Na yi awa ɗaya da rabi a hankali.

Tsarin satin ya zauna yanzu: Talata da Alhamis masu zafi, Asabar doguwa amma a hankali, Lahadi in jiki ya yarda. Na Talata shi ne minti 12 sau uku a kashi 90 na FTP da hutun minti biyar a tsakani, na Alhamis gajeru ne masu ƙarfi. Saura duk a abun da suke kira zon 2 ne, tsakanin kashi 56 da 75 na FTP a lissafin wani masani Andrew Coggan, gudun da za ka iya hira da mutum jimla cikakkiya ba ka haki. Wani masani Stephen Seiler da ya daɗe yana bibiyar manyan 'yan tsere ya nuna kusan kashi 80 na atisayensu a hankali suke yi, ni ma dai na ga hikimar, in kullum ka murƙushe kanka sati uku ba za ka ƙara son ganin ƙofar garejin ba.

Asabar, 7 Disamba

Guguwar Darragh kuma yau, iska har kwandon sharar maƙwabta ta kayar. Wannan satin ne na fara jin nauyin abun a rai. Jiki lafiya lau, amma in na dawo aiki duhu ya yi tun kafin huɗu, na yi magariba da isha'i kusan a jere, ga ɗumin falo ga yara ga ƙamshin miya, a ce ka tashi ka cire kaya ka shiga gareji mai sanyi ka yi ta kallon bango, zuciya sai ta kawo maka dalili goma. Na zauna na duba ranakun da suka tafi daidai da waɗanda suka gagara, sai na ga duk waɗanda suka gagara na yamma ne. Dan haka na mayar da komai bayan sallar asuba. A wannan lokacin alfijir sai wajen shida da 'yan mintuna yake ketowa, rana kuma ba ta fitowa sai bayan takwas, akwai fili mai kyau a tsakani kafin a fara shirya yara makaranta. Tun da dare nake cika gorar ruwa, in rataye wando da takalmi a jikin hitar ɗaki su kwana da ɗumi, in sa kwamfutar a caji in buɗe atisayen gobe a kanta. Da na sallame ba na zama kan kujera, in na zauna shikenan. Tunda dama dole ne in tashi sallah, tambayar ko zan tashi ko ba zan tashi ba ta fita daga lissafi, abun da ya rage taku goma ne daga darduma zuwa ƙofar gareji.

Na kuma sa ma kaina doka ɗaya, in na ji ba na so, in hau in yi minti goma kawai, in har bayan goman ina jin haka in sauka ba laifi. Yawanci kafin goman ta cika ƙafa ta saki na manta da maganar sauka.

Asabar, 21 Disamba

Yau ce rana mafi gajarta a shekara, hasken bai kai awa bakwai da rabi ba a nan. Na fara shan bitamin D, hukumar lafiya ta ƙasar nan na ba kowa shawarar maikirogiram 10 kullum a watannin sanyi, mu masu baƙar fata ma cewa suka yi mu duba shan sa duk shekara.

Abu biyu na koya kan zama a sirdi. A titi keke na karkata dama da hagu, kana tashi a mararraba kana tsayawa a danja, a tirena kuwa a kafe yake, nauyinka duk wuri ɗaya yake dannawa, minti 40 wurin zama ya fara zugi har ya mutu. Yanzu duk minti goma ina miƙewa tsaye kan feda na daƙiƙa 20 zuwa 30, na kuma sa katako ƙarƙashin tayar gaba dan keken ya daina sunkuyawa. Na biyu shi ne ERG, wato yanayin da tirena ke riƙe maka wat ɗin da aka tsara ko wace giya kake. Yana da daɗi dan ba ka tunanin komai, amma in ka gaji ka bari juyin ƙafa ya sauka, ita kuma sai ta ƙara nauyi dan ta cike wat ɗin, nauyin ya sa ka ƙara raguwa, ta ƙara nauyi, har fedar ta tsaya cak. Maganinsa ka riƙe juyi 85 zuwa 95 a minti tun farko, da ka ga ya gangaro ƙasa da 80 ka zabura tun kafin ta kama ka.

Abokan aiki suna ta maganar Festive 500, kilomita 500 tsakanin 24 da 31 ga Disamba. Ba zan yi ba bana, hutun na yara ne kuma ba ya cikin tsarina.

Lahadi, 5 Janairu 2025

Dusar ƙanƙara ta sauka sosai cikin dare, har filin jirgin Leeds Bradford sai da aka rufe titin saukarsa da safe. Garejin digiri 2. Na fara da safar hannu da hula.

Yau ban yi ni kaɗai ba. Akwai wani bawan Allah ɗan Sudan da muke haɗuwa a masallacin Juma'a, ashe shi ma yana da tirena, ya haɗa ni da wani ɗan Eritriya abokinsa da ke Sheffield, muka yi alƙawarin duk Lahadi bakwai na safe mu haɗu a manhaja muna magana ta waya. Wannan abun ya canja min komai fiye da yadda na zata. Ƙarfin hali kan ƙare, amma kunyar a ce mutum biyu sun tashi cikin sanyin nan suna jiranka ba ka zo ba, wannan ba ta ƙarewa. Ɗan Eritriyan ba ya minti biyar bai ambaci Biniam Girmay ba, kuma yana da gaskiya, yaron ya ci zango uku a Tour de France ɗin bara ya tafi da koriyar rigar da ake ba wanda ya fi tara maki, shi ne baƙar fata ɗan Afirka na farko da ya ci zango a gasar, a Turin ran 1 ga Yuli. Ya ce a Asmara yara kan keke suke tasowa, tsere kusan duk ƙarshen mako. Sai na ji wani abu a raina, dan mu ma keke ba baƙo ba ne a wurinmu, da shi aka je gona da makaranta da kasuwa, tseren ne dai ba mu riƙe ba.

Mun zagaya taswirar Yorkshire da ke cikin Zwift, wadda aka kwaikwayo daga zagayen garin Harrogate na gasar keke ta duniya ta 2019, wadda Mads Pedersen ɗan Denmak ya ci cikin ruwan sama kamar da bakin ƙwarya. Garin bai fi kilomita 25 daga gidana ba, na san wasu kwanonin da idona, abun da daɗi ka gan su a allo alhali waje ko mota ba ta iya fita.

Juma'a, 24 Janairu

Mura ta kwantar da ni farkon satin, har da zazzaɓi, ban taɓa keken ba sai da zazzaɓin ya tafi gaba ɗaya da kwana biyu a kai, mutum ba ya wasa da zuciyarsa in akwai zazzaɓi a jiki. Yau na yi rabin awa a hankali yayin da guguwar Éowyn ke kaɗa ƙofar gareji. Ƙafa ta yi nauyi amma numfashi ya dawo.

Asabar, 8 Fabrairu

Alpe du Zwift yau. Kwaikwayon hawan tsaunin Alpe d'Huez ne na Faransa, kwanar hanya 21 kowacce da lambarta ana ƙirgawa daga 21 zuwa 1, kilomita 12 da ɗoriya, hawan mita 1,036 babu wurin hutawa ko ɗaya. Masu yin sa ƙasa da awa suna buƙatar kusan wat 3.2 kan kowane kilo na jikinsu, ni ban kai nan ba kuma ban sa rai ba, na yi shi a awa ɗaya da minti 18. Abun da ya faranta min rai shi ne daga ƙasa har sama ban wuce wat 205 ba ban kuma sauka ƙasa da 190 ba, na riƙe kaina a kwanonin farko lokacin da mutane ke ta wuce ni, daga kwana ta 8 na fara tarar da wasunsu. Wannan shi ne darasin da nake buƙata dan Buttertubs, wurin da ya fi tsauri ba a farko kawai yake ba, in ka ƙone ƙafa tun ƙasa babu mai ba ka wata.

Abinci, duk hawan da ya wuce awa ana so mutum ya samu giram 30 zuwa 60 na sukari ko sitaci a kowace awa. Ban sayi jel ɗin sukarin da ake sayarwa ba, dabino manya biyu zuwa uku a awa sun wadatar, na cire ƙwallon tun dare na jera su a murfin roba kan kujera kusa da hannu, ruwan gora ɗaya kuma da ɗan gishiri da lemon tsami.

Ƙanena da ke Kano ya tambaye ni ko abun nan zai yi a gida lokacin hunturu in hazo ya rufe gari ƙura na shaƙe mutum. Zai yi mana, kuma ba sai mai tsada ba, akwai tsohuwar tirena mai maganaɗisu wadda tayar baya ke gogawa a kanta, ba ta buƙatar wuta ko intanet, agogo da fanka mai caji kawai. Sai dai tana cin taya, ya nemi tsohuwa ya sa.

Asabar, 22 Fabrairu

Gwaji na biyu kafin azumi: wat 221, nauyi kilo 81. Alhamdulillah. Daga wat 2.3 kan kilo zuwa 2.7 kenan.

Lahadi, 9 Maris

Azumi ya yi sati. Na ajiye maganar ƙara ƙarfi gaba ɗaya, wannan watan riƙe abun da aka samu ne kawai. Hawan bayan asuba ya tashi, dan ba zai yiwu ka zubar da zufa lita guda da safe ka wuni ba ruwa ba. Yanzu minti 40 nake yi a hankali kafin magariba, wajen biyar in hau, in sauka in watsa ruwa ana kiran sallah, fanka a kunne tun farko dan zufar ta ragu. Mai zafin sau ɗaya tak a sati, daren Juma'a bayan tarawihi tunda gobe ba aiki, shi ma na rage shi zuwa minti 8 sau uku. Na gwada yin sa tsakanin buɗa baki da isha'i, lokacin bai isa ba kuma ciki a cike yake. Mu ukun mun mayar da haɗuwar Lahadi zuwa yamma, ɗan Eritriyan ba musulmi ba ne amma shi ma yana cikin nasu babban azumin na kafin Ista, ya ce tafiya a hankali ta yi masa daidai. Goman ƙarshe kuma ba zan matsa ba, in an samu an hau in ba a samu ba dare na da abun da ya fi keke.

Asabar, 5 Afrilu

An yi sallah lafiya, agogo ya koma gaba tun 30 ga Maris, rana ba ta faɗuwa sai kusan takwas saura. Na mayar da tayar baya, na wanke sarka na sa mai, na fita ta garin Otley na haura tudun Chevin na dawo, kusan kilomita 50, rana ta fito amma iskar gabas na da sanyi.

Ƙafa tana nan, wannan kam babu shakka, hawan Chevin da bara nake yi a giyar ƙarshe ina haki yau da sauran giya biyu a hannuna na kai sama. Abun da gareji bai ba ni ba shi ne hannu da ido. A gangara na ji kafaɗa ta ƙage ina matse birki fiye da kima, kwana ma sai da na yi ta lissafi kafin in karkata, wuya da bayan hannu sun gaji tun kilomita 30 sabida wata biyar ba su ɗauki girgizar titi ba, ga ramukan da sanyi ya fasa a kwalta ko'ina. Gangarar Buttertubs ta ɓangaren Thwaite kuwa tana da tsauri ga rami a gefe, ba wurin koyo ba ne. Dan haka sati biyu masu zuwa duk Asabar da Lahadi a titi zan yi su, in nemi gangara in yi ta maimaitawa har hannu ya saki, tirena kuma ta koma ta Talata da asuba kawai. Robar birkin baya ta cinye, na yi odar sabuwa, kuma zan sa a duba min kusoshin kan keken da zufa ta taɓa kafin tafiyar. Mun tsayar da Asabar 26 ga wata ni da ɗan Sudan ɗin, da mota za mu je Hawes, in hasashen yanayi ya nuna iska mai ƙarfi a saman mu ɗaga zuwa sati na gaba.